Kwalba ta Bakwai

Ranar Laraba da hantsi na dawo daga Maiha, takalmina duk taɓo, jakata cike da ƙullin toka, na tarar an yi wa ɗakin gwajina kwalliya kamar za a kawo amarya. An yi fenti, an rataya labule, an jera wasu na'urori uku da ban taɓa gani ba a shekara goma sha ɗaya da na yi ina koyar da kimiyyar sinadarai a jami'ar nan. Wannan bai dame ni ba. Kowa ya san a ranar ne baƙi masu tantance kwasa-kwasai za su iso daga Abuja, kowa kuma ya san yadda ake yi: a aro na'ura daga wata makaranta, a liƙa mata lambarmu, baƙi su gani su rubuta, a mayar wa masu ita kafin fenti ya bushe. Abin da ya tsayar da ni cak shi ne kabad ɗina na ƙarfe. An ɓalle kwaɗon. Inda kwalabena sittin da uku suke, an jera wasu sababbi masu ruwa kala-kala, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Na buɗe ɗaya na sansana, ashe ruwan famfo ne aka ɗiga wa kala.

Bari in faɗi abin da ke cikin kwalaben nan, don a san abin da ya sa na kusa fasa ƙofar shugaban sashe. Ni Miriyamu Vandi, bincikena a kan ruwan toka ne, wanda Fulani ke kira cukkuri. Duk macen da ta tashi a ƙasar nan ta san shi. A ƙona karan dawa ko ɓawon wake, a zuba tokar a tukunya mai huji, a kwarara ruwa, ya riƙa ɗiga a kwano. Shi ke kashe tsamin yakuwa, shi ke sa wake ya nuna da wuri. Sai dai yanzu kara ya yi wuya a cikin gari, wasu matan na kwasar toka daga inda aka ƙona shara, da leda da mataccen batir a ciki, ni kuma ina so in san abin da ke shiga tukunyar mutane. Da shi kuma nake koyarwa. Tunda ba a saya mana sinadaran gwaji, sai na ce kowane ɗalibi ya kawo ruwan tokar gidansu a kwalbar lemo. Mu ɗiga a zoɓo ya koma kore, mu ƙara tsamiya ya dawo ja, ɗalibi ya gani da idonsa abin da littafi ya cika shafi goma yana kewaye-kewaye a kai.

Hamsin da shida na girki ne, yadda suka fito daga gidajen mutane. Bakwai kuwa ni da hannuna na zuba musu dalma, kowace da awonta, daga 'yar kaɗan zuwa mai yawa, don 'yan aji huɗu su koyi gano guba a cikin abinci. Na liƙa musu takarda, na rubuta alamar dalma da jan biro yadda muke rubuta ta a kimiyya, na kulle da kwaɗo. Mabuɗin har a lokacin yana jakata.

Na sami Farfesa Edwin, shugaban sashenmu, tsaye a ofis cikin sabuwar kwat yana bitar jawabin maraba.

Na ce, "Farfesa, ina kwalabena?"

Ya ce, "Haba Dakta, ko gaisuwa babu? Sannu da hanya. Ya Maiha?"

"Maiha tana nan inda take. Ina kwalabena?"

"Waɗancan tarkacen? Tun Litinin na sa aka kwashe. Manyan mutane za su taso daga Abuja su tarar da kwalaben lemo da ruwan miya a ɗakin gwajin jami'a? Su tafi da labarin mu 'yan ƙauye ne?"

"An ɓalle mini kwaɗo."

"Kabad ɗin na jami'a ne, Dakta, ba na ɗakin aurenki ba."

Na haɗiye wannan, don akwai abin da ya fi ta. Na ce, "Bakwai daga ciki akwai dalma."

Nan da nan ya gyara murya. Ya ce, "To ai magana ta ƙare, an zubar. Na ce wa Margret mai shara ta kai bola."

Allah ya sani, a nan idona ya rufe. Mutumin nan ƙauyensu na kallon namu a duwatsun Michika. Na san mahaifiyarsa, na sha ganinta tana tace toka a gindin rumbu. Da miyar toka aka yi ƙashin bayansa har ya kai ga saka kwat. Na ce, "Ka ɗauki ruwan toka tatacce, kwalba sittin da uku, ka miƙa wa macen Mubi, ka ce ta kai bola? Kai a wane gari ka tashi?"

Sai a lokacin ya gane. Ya zagayo ya tura ƙofa, ya rage murya, ya ce a rufa wa juna asiri zuwa Juma'a. Wai in baƙin nan suka ji ƙishin-ƙishin, ɗalibai ɗari uku ne takardarsu za ta koma ta ƙunsa ƙosai. Wai a bi abin a hankali. Wai kuma ƙarfe biyu yana so in tsaya gaban babbar na'urar da aka aro, in riƙa taɓa ta kamar mun saba.

Na ce, "Zuwa Juma'a an yi girki sau shida a kowane gida. Ka tsaya gabanta da kanka, ai kun dace, kai da ita duk na nuni ne." Na fita na bar masa ƙofar a buɗe.

Margret tana bayan ɗakin gwaji tana wanke bokiti, an saka mata sabuwar rigar aiki da ta yi mata yawa. Dattijuwa ce, ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, tun ranar da na fara aiki ita ke share mini ɗaki. Kullum Mama nake ce mata. Ranar ban ce ba.

"Margret, ina kika kai kwalaben?"

Ta miƙe tana goge hannu a riga. Ta ce, "Dakta, kayan miya ne fa. Oga ya ce a zubar. Ni na duba na ga toka mai kyau, an tace shi tas. Na ce zunubi ne mutum ya zubar, ga mutane suna nema."

"Wa kika ba?"

Ta fara lissafi da yatsu. Abokan aikinta masu shara. Mata masu sayar da abinci a bakin ƙofar jami'a. Sauran ta ɗauka a buhu ranar Talata ta kai zumuntar mata a coci, kowa ta ɗauki ɗaya, har da masu ɗaukar wa maƙwabta.

Na ɗaga murya har masu fenti suka leƙo. Na ce, "Ba ki ga jan rubutu ba? Guba ce. Kin raba wa mutane guba gida-gida kamar goron suna. Wa ya ce ki taɓa abin da ba ki sani ba?"

Ta ce, "Dakta, ni ban yi makaranta ba, kin sani."

"Ja dai ai kin san ja. Ke kin kai wani gida?"

"Ɗaya ne kawai, shi kuma babu jan abu a jikinsa."

Ban tsaya na ƙara tambaya ba. Na ce ta zauna a nan kar ta motsa, na wuce aji.

'Yan aji huɗu su arba'in da ɗaya suna zaune an saka musu fararen riguna na aro, an ce kar kowa ya motsa sai baƙi sun wuce. Na ce su tuɓe rigunan. Na faɗa musu abin da ya faru ba tare da na rufe komai ba, har da sunan wanda ya sa aka ɓalle kwaɗo. Na ce duk mai tsoron Farfesa ya zauna, ba zan riƙe shi a rai ba. Ba wanda ya zauna. Shugabar ajin, Ummusalma, matar aure mai 'ya'ya uku da ta dawo karatu bayan shekara goma, ta ɗauki alli ta rubuta unguwanni a allo, ta raba mutane: 'yan Lokuwa su bi Lokuwa, 'yan Shuware su bi Shuware, masu zuwa cocin su Margret su nemo shugabar zumunta ta ba su sunayen waɗanda suka halarta.

Ta juyo ta ce, "Malama, in an cire takardar fa?"

Na ce, "Ke za ki faɗa mini. Me ke faruwa in dalma ta haɗu da ruwan toka?"

Ajin gaba ɗaya suka amsa, "Farin gari ya kwanta a ƙasa."

Ko a cikin wannan ɓacin rai sai da na ji wani sanyi. Sau ɗaya na nuna musu, tun zangon da ya wuce, a kwalbar lemon da Farfesa ke jin kunyarta.

Ni na bi masu abinci na bakin ƙofa. Kwalba uku masu jan rubutu a nan muka same su, ba a buɗe ba. Ta huɗu kuwa a hannun wata mai shinkafa da wake na kama ta, ta riga ta cire murfin, ga tukunya na tafasa, ga ɗalibai sun fara layi da kwanoni. Na fizge ba ko sallama. Ta bi ni da zagi har titi, ta ce malaman jami'a yanzu har kayan miya suke ƙwace wa talaka. Ban tanka ba, don a ranar zagin ya yi mini daidai da yadda nake ji.

Ƙarfe ɗaya saura aka kawo ta biyar daga Lokuwa. Ta shida daga Wuro Patuji, wadda matar gidan ta cire wa takarda ta ajiye bayan randa, ɗaliban suka ɗaga ta a rana suka gane ta da farin ƙasanta. Muka jera shidan a kan bencin wani mai shayi, na duba awon kowace a littafina. Wadda ta ɓata ita ce ta bakwai, wadda na fi zuba wa dalma. Na sa mata ninki goma na ta farko, da gangan, don ko ɗalibin da ya fi kowa barci a aji ya gano ta.

Ummusalma ta ƙirga sunayen da ke takardarta ta ce an je kowane gida. Na ce a ɗauko mini Margret, wataƙila ta manta wani.

Aka kawo ta a keke napep. Ta sauko a hankali, idonta ya kumbura, ta zo ta tsaya gaban bencin. Ta daɗe tana kallon kwalaben nan shida. Sai ta miƙa yatsa ta nuna farin da ya kwanta a ƙasansu.

Ta ce, "Dakta, wannan farin mene ne?"

"Ita ce gubar."

"Ba ki ce fari ba. Ja kika ce."

Ta zauna a ƙasa da sabuwar rigar. Ta ce tun ranar Litinin, kafin ta raba wa kowa, ta ware ɗaya. Ta ɗaga su ɗaya-ɗaya ta zaɓi wadda farinta ya fi kauri, ta ce wannan ita ce mai ƙarfi, kamar kanwa, ita ta dace da mai jego. Ta wanke kwalbar da sabulu don kar ta kai wa jariri ƙazanta, takardar ta bi ruwa, ba ta kula da kalar rubutun ba. Ta kai wa 'yarta Tina a Lamorde, wadda ta haihu kwana tara da suka wuce.

Na tura ta cikin keken na shiga. Ta kira wayar Tina sau huɗu, ba ta shiga. Mai keken ya ga fuskokinmu, ya murɗa hannu. Muna kan gadar kogi wayata ta yi ƙara, Farfesa Edwin ne. Muryarsa har da dariya a ciki.

Ya ce, "Dakta, kina ina? Baƙi sun iso, kuma ke suke nema. Sun karanta a rahotonmu cewa muna da sabuwar hanyar koyarwa da kayan gida, zoɓo da toka. Abin ya burge su ƙwarai. Suna so su gani da idonsu."

Ashe har ya rubuta a rahoto. Abin da ya kira tarkace ya sa aka ɓalle wa kwaɗo, shi ya yi ado da shi a takarda ya aika Abuja da sa hannunsa. Na ji kamar in jefa wayar a ruwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai kwalabe masu kala a kabad. Ka ɗiga musu zoɓo ka ga abin da zai faru. In sun tambaye ni, ka ce na tafi Lamorde neman wadda ka bayar a kai bola, tana hannun mai jego."

Ya fara cewa, "Dakta, ki saurare ni," na kashe.

Gidan na can bayan wata makarantar firamare, ɗaki biyu da rumfar kwano. Tina na zaune a tabarma a ƙarƙashin rumfar, ta miƙe ƙafa, jaririn na barci a cinyarta, ga kofin kunu a gefe ta sha rabi. Ta gan mu ta yi murmushi, ta ce, "Mama, yau da baƙuwa? Sannu da zuwa, Dakta. Kullum Mama na ba mu labarinki."

Idona na kan taga. Kwalbar na nan a tsaye, an toshe bakinta da tsumma, ruwan ya sauka ƙasa da rabi. Farin ma ya ragu, don duk wanda zai zuba sai ya girgiza.

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun yammacin Litinin. A miyar yakuwa, a kunun safe, jiya ma a wake. Mijinta yana Kamaru da motar shanu, ita kaɗai ke ci. Ta ce Mama ce ta ce ta riƙa sa wa da yawa, yana kawo ruwan nono.

Na ɗauke kofin na kifar da kunun a ƙasa. Na ɗauki kwalbar na ɗaga ta a rana, kaina na ta lissafi ba tare da na sa shi ba, kaza na zuba, kaza ya rage, kaza ya shiga cikinta a kwana biyu. Na ce mata ta tashi ta shirya, asibiti za mu, a ɗebi jininta da na yaron, ko da sai an kai Yola ni zan kai da kaina. Daga nan bakina ya ɓalle. Na zagi Edwin, na zagi kwat ɗinsa, na zagi na'urorin aro da fentin da aka yi don ido, na ce sai na kai maganar nan inda ba ya zato, sai ya san ya taɓa Miriyamu. Na ce mutum ya yi karatu har ya zama farfesa amma bai san ba a taɓa abin da aka kulle ba.

Margret ta bar ni har na gaji. Tana tsugune kusa da 'yarta, ba ta ɗago kai ba ta yi magana, kuma ba da ƙarfi ba.

Ta ce, "Dakta, Oga kam ya yi nasa. Shi bai san ni ba, ko sunana sai an tuna masa. Amma ke fa? Shekara goma sha ɗaya ina share miki ɗaki. Ina tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya ina kallo kina sa zoɓo ya zama kore, 'ya'yan mutane suna tafi. Tokar farko da kika gwada, ni na tace miki a gidana. Ko sau ɗaya ba ki ce, Margret, ajiye tsintsiya zo ki gani, wannan farin mutuwa ne. Da kin faɗa mini sau ɗaya, ni ma zan riƙe. Kaina ba ƙwarya ba ne."

Laifi tudu ne, tun safe nake tsaye a kan nawa ina hango na Edwin. Na yi shekaru ina alfahari cewa na fitar da kimiyya daga littafi na kai ta madafa, ga mace ɗaya tilo a ɗakin gwajin nan da kullum take girki da toka, ita ce ban taɓa koya wa komai ba. Fushin da na ɗauko tun hantsi bai tafi ba, wuri kawai ya sake.

Hayaniyata ta tayar da jaririn. Ya murɗe fuska ya fara kuka, yana juya kai yana laluben ƙirjin uwarsa. Tina ta kai hannu ga wuyan rigarta yadda ta saba, sai ta tsaya. Ta dubi kunun da na zubar a ƙasa, ta dubi kwalbar da ke hannuna, sannan ta dube ni.

Ta ce, "Dakta, in ba shi, ko kar in ba shi?"

Na san awon dalmar da ke kwalbar nan har ɗigo uku bayan sifili, don ni na auna. Amsar wannan kuwa ban sani ba. Su biyu suna kallona, uwa da 'ya, mai keken na danna oda a waje, yaron kuma ya ƙara ƙarfin kuka.